Rahoton ayyukan shekara: inda muka kwana kan aikin wayoyin jirginmu

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu. Ga rahoton abun da ƙungiya ta yi a wannan shekarar kamar yadda tsarinmu ya tanada, kuma tun farko in faɗa muku kusan duk ƙarfinmu bana a kan wayoyin lantarkin ƙaramin jirgin saman da muke haɗawa ya ƙare. Na san akwai masu ƙorafin cewa shekara guda cur an shigo gareji ba a ga wani sabon abu a jikin jirgin ba, fukafukan na nan inda suke a kan benci, bodin ma ko fenti bai samu ba, toh gaskiya ne amma dan Allah ku karanta har ƙarshe ku ga inda lokacin ya tafi.

Abu na farko da kwamitin fasaha ya yanke shi ne a cire duk wayoyin mota da aka saka na gwaji lokacin da ake haɗa dashbod. Wayar da riwaya ke aiki da ita a mota rigarta roba ce ta PVC, in ta ɗau zafi narkewa take kuma hayaƙinta guba ne, a mota ka faka gefen titi ka buɗe ƙofa ka fita, a sama ina za ka faka? Wayar jirgi ita ce mai lamba MIL-W-22759/16, wadda ake kira Tefzel, siraran jan ƙarfe ne da yawa a murɗe an shafe su da kuza, rigarta na jure zafi har digiri 150. Samunta a nan ba sauƙi, sai da muka yi oda daga waje kuma canjin dala ya ba mu wuya sosai. Akwai wanda ya kawo mana wani nadi daga kasuwa a kan cewa irinta ce, da aka kankare bakinta da wuƙa sai ga farin alminiyom a ciki an yi masa rufin jan ƙarfe, aka mayar. Daga yanzu duk wayar da ba a buga lambarta a jikinta ba ba za ta shiga garejin nan ba.

Sai lissafin kaya. Mun zauna da takarda da biro mun rubuta duk abun da zai sha wuta, rediyo, fitilun fukafuki, famfon mai, agogunan injin, kowanne da amfiya nawa yake ja. Injin da muke tara kuɗinsa Rotax 912 ne, janaretan da ke cikinsa wat 250 yake bayarwa wato wajen amfiya 18, kuma ƙa'ida ita ce kayan da ke kunne koyaushe kar su wuce kashi 80 cikin 100 na abun da janareta ke iya bayarwa, kun ga kenan wajen amfiya 14 muke da shi ba ƙari. A nan ne muka haƙura da babbar fitilar sauka da wasu suka so, aka koma ta LED. Regiletan wannan injin, wato na'urar da ke daidaita wutar janaretan, kuma yana son kafasita, 'yar na'urar da ke riƙe wuta, mai 22,000 maikrofarad a kusa da shi, mun riga mun saya mun ajiye. Littafin da muke bi shi ne AC 43.13-1B na hukumar jiragen saman Amurka, babi na 11, mun yi fotokofinsa yana nan a kabad duk mai so ya karanta. A ciki ne za ka ga waya mai gej 22 (gej ma'aunin kaurin waya ne, in lambar ta ƙaru wayar ta fi siranta) bireka, wato abun da ke katse wuta in ta yi yawa, na amfiya 5 ake sa mata, gej 20 amfiya 7.5, gej 18 amfiya 10, kuma a tsarin bolt 14 irin namu faɗuwar wuta a layin da ke aiki koyaushe kar ta wuce rabin bolt. Abun da ya fi wahalar shiga kan yaranmu masu koyo shi ne bireka ko fiyus waya yake karewa ba rediyo ba, saboda haka girman waya ake dubawa a zaɓe shi. Ɗabi'ar nan ta in fiyus ya ƙone a ɗaura masa zaren waya a maida, mun hana ta ko a janaretan gareji don kar hannu ya saba.

Inda muka fi daɗewa shi ne haɗa bakin waya, kuma a nan muka fi cin moriyar Baba Injiniya, Allah ya ƙara masa lafiya, dattijon da ya yi ritaya daga gyaran jirage yake zuwa mana kyauta ranar Asabar. Mu dai a saninmu haɗin da ya fi ƙarfi shi ne na solda, sai ya ɗauko waya ya yi mata solda a gabanmu ya riƙe da filaya yana lanƙwasa ta gaba da baya, ba a jima ba ta karye ɗas daidai inda dalmar ta tsaya. Dalmar tana bin siraran wayar ta shige ƙarƙashin riga ta sandarar da wurin, jirgi kuma girgiza ce aikinsa tun daga tada inji har kashewa, wurin da ya sandare nan zai karye, kuma a cikin riga inda ido ba ya gani. Shi yasa muka koma matsewa da filaya ta musamman mai haƙori wadda ba ta sakin kan waya sai ta matse har ƙarshe. Kawunan ƙarfen da ake matsewa a bakin wayar kala kala ne, ja na ƙananan wayoyi, shuɗi na gej 16 da 14, ruwan ɗorawa na 12 da 10. Kowane memba sai da ya zauna ya fere waya ba tare da ya yanke ko sili ɗaya ba, ya matse, sannan Baba ya kama ya fizga da ƙarfinsa, in ta zare ka sake. Wallahi har manyanmu masu shagon lantarki sai da aka maida su baya, kuma ba wanda ya ji haushi. Ya kuma hana mu tara kan waya fiye da 4 a kan kusa ɗaya, da naɗa baƙin tef a haɗi, zafin Kaduna kaɗai ya isa ya saki gam ɗinsa.

Wajen shimfiɗa wayoyin a bodi, duk inda waya za ta ratsa ƙarfe an sa mata zoben roba, an ɗaure ta da kilif mai roba a ciki, kuma ko'ina waya a saman tiyon mai take bi da tazara, ba a ƙarƙashi ba, don in mai ya ɗiga kar ya sauka a kanta. Negatif ɗin kowane kaya mun dawo da shi wuri ɗaya a bangon da ya raba inji da matuƙi, hakan na rage ƙugin da ake ji a rediyo. Ɗan uwanmu da ke haɗa nasa na katako a gida ya lura da kyau, wutar lantarki ba ta bi ta cikin katako da faiba, dole kowane kaya ya samu wayar komawarsa. Kowace waya an sa mata lamba a baki biyun kuma zanen yana cikin fayil. Matsalar da littafin bai faɗa mana ba ita ce ɓeraye, sun ci mana wani sashe a damina, da ƙurar hunturu da ke cika soket, yanzu rufe dashbod muke da leda mai kauri in an tashi.

Akwai magana ɗaya da nake roƙon kowa ya riƙe ko da ya manta sauran. Wutar filogin injin jirgi ba daga batir take zuwa ba, injin da kansa yake samar da ita, makunnin kuma kashe ta yake ta hanyar haɗa wata siririyar waya da bodi. In wannan wayar ta tsinke makunni zai nuna a kashe alhali injin a shirye yake, wani ya zo ya juya farfela da hannu sai ta tashi da shi. Saboda haka doka ce a garejin nan, ranar da inji ya hau, ba mai taɓa farfela da wasa ko ya jingina da ita.

A darasin wata wata mun tattauna hatsarin Swissair 111 na ranar 2 ga Satumba 1998, jirgin MD-11 da ya faɗa teku kusa da Nova Scotia a Kanada mutum 229 suka rasu, binciken ya nuna tartsatsin waya ne a saman ɗakin matuƙa ya kama abun rufin da ke cin wuta. Babban kamfani ne da injiniyoyinsa, balle mu. Mun kuma yi hira kan Air Beetle, jirgin koyon tuƙi na sojojin saman Najeriya da aka harhaɗa a nan Kaduna daga samfurin RV-6A na kamfanin Van's na Amurka, guda 60, wanda asalinsa jirgi ne da mutane ke haɗawa a garejin gidajensu. Yaran sun ji daɗin wannan sosai, da yawansu ba su taɓa sanin an yi haka a garinsu ba.

Batun kuɗi ma'aji zai kawo nasa dalla dalla, ni dai abun da zan ce kuɗin wata ya ja baya daga tsakiyar shekara kuma kusan duk abun da ya shigo waya da kawuna da bireka suka cinye, masu bashi dan Allah a taimaka. Godiya ta musamman ga 'yan uwa mata biyu ɗalibai da suka ɗau nauyin zanen wayoyin a kwamfuta, aikinsu ya fita tsaf.

Abun da ya rage a shekara mai zuwa insha Allahu shi ne layin batir da sitata mai kauri, haɗa rediyo da wayarsa mai sulke, sannan a bi kowane layi da mita ɗaya bayan ɗaya kafin a jona batir karon farko. Masu tambayar yaushe za a tashi, ba maganar tashi ko gudu a fili sai hukumar NCAA mai kula da jiragen sama a Najeriya ta duba ta ba da izini, kuma kwamiti zai fara tuntuɓarsu kan takardun da ake buƙata. Taro na gaba Asabar ɗin farko ta wata bayan la'asar, duk wanda ya ari filaya ko mita na ƙungiya ya zo da su za a ƙirga kaya.

Sakatare