Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Babban Bankin Najeriya, Mista Olayemi Cardoso

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, Kano. Na ji daɗin umarnin da ka bayar a watan Maris na 2024 cewa bankuna su ƙara jari: naira biliyan 500 ga masu lasisin hulɗa da ƙasashen waje, biliyan 200 ga na ƙasa, biliyan 50 ga na yanki. Da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni na shekarar, masu ƙaramar ajiya sun sami sauƙi, don hukumar NDIC ta riga ta ɗaga inshorar ajiya daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5. Allah ya saka da alheri.

Kukana a kan ƙirƙirarriyar basirar da bankuna suka ɗora wa gadin kuɗinmu ne. An ce tana nazarin yadda mutum ya saba hulɗa da asusunsa, in ta ga abin da ya saɓa wa al'adarsa sai ta tsayar. Ban ƙi wannan ba, ɓarayin sun yi yawa. Amma al'adar wa aka koya mata? Ma'aikaci albashinsa ɗaya ne duk wata. Mu kuwa da damina asusunmu shiru yake, kaka na yi miliyoyi su shiga su fita a yini guda.

Da kakar bara na tura kuɗin riɗi ga wani dillali a Jigawa bayan sallar isha'i. Nan take aka rufe mini asusu. Tirela na tsaye, 'yan dako sun gama lodi suna zaune a kan buhuna, direba na kirana ba ƙaƙƙautawa. Saƙon da ya shigo wayata da Turanci ne, sai da yarona ya karanta mini. Da safe na je reshen bankin, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta ta ce daga sama ne, ba ta da ikon buɗewa. Kwana tara ina sintiri. Dillalin da muka shekara bakwai muna ciniki har ya fara yi mini kallon mayaudari, kuma wannan ya fi asarar kuɗin motar ciwo.

A satin nan kuma aka kira wani dattijo maƙwabcin rumfata, aka ce daga banki ne, wai lambar BVN ɗinsa ta sami matsala. Ya karanta musu lambar sirrin da aka turo masa. Kafin ya ajiye waya an kwashe kuɗin, an rarraba su a asusu daban-daban, an cire a wurin masu POS. Wannan satar kuwa na'urar bankin ba ta gan ta ba. Ga shi yanzu har muryar ɗan'uwanka ana iya kwaikwaya da irin wannan fasahar.

Ranka ya daɗe, da yawanmu ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya koya mana tura kuɗi ta waya, ba don muna so ba. Duk wanda aka rufe wa asusu ba gaira ba dalili, jakar Ghana-must-go yake komawa, ya ja abokan cinikinsa su bi shi. Kuɗin da ya kwana a ƙarƙashin katifa ba ya ƙarfafa banki, komai yawan jarinsa.

Don haka ina roƙon ka tilasta wa bankuna su horar da na'urorin nan da irin cinikin kasuwanninmu, na Dawanau da Kantin Kwari da Singa, su san kaka, su san hidimar sallah. A sa wa'adi: in na'ura ta rufe asusu, cikin yini biyu mutum mai jini a jika ya duba, ya yi wa mai shi bayani da harshen da yake ji. Tunda kuma ta hanyar NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar nan, kuɗi ke ratsawa daga banki zuwa banki, a samar da lamba ɗaya da wanda aka damfara zai kira ko da tsakar dare ne, a riƙe kuɗin kafin su kai hannun mai POS.

Kaka na tafe, kuma dillalina ya riga ya ce bana sai dai kuɗi hannu.

Naka,
Ɗan kasuwar hatsi, Dawanau, Kano