Wasiƙa daga Filadelfiya: bindigogin da tsufansu ne kuɗinsu

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ina su Baba da ƙarfin jiki? Allah ya ƙara musu lafiya. Mu nan sai godiya, sanyi ne kawai ya matsa.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa mutanen nan ke zuba kuɗi a kan tsofaffin bindigogin ƙanƙara, alhali ko maharbi ba zai shiga daji da su ba yau. To, ai ka tambayi wanda abin ya shiga ransa.

Wadda suka fi ji da ita doguwa ce siririya, bututunta kaɗai ya kan haura mita ɗaya. Maƙeran Jamus da Suwizalan da suka yi ƙaura zuwa yankin Lankasta a jihar Fensilbeniya ne suka fara ƙera ta a ƙarni na 18. Ana ce mata bindigar Kentaki, amma ba can aka haife ta ba. Sunan ya bi ta ne bayan yaƙin Niyu Olins na 1815 tsakanin Amurka da Ingila, inda mayaƙan jihar Kentaki suka yi suna da ita. Kunna ta iri ɗaya ne da na bindigar toka ta 'yan bindigar sarki: kunama ta bugi ƙarfe da ƙanƙara, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Inda suka rabu shi ne cikin bututun. Tamu sumul take, wannan kuwa an sassaƙa mata layuka masu murɗewa, sannan a naɗe ƙwallon darma da ƙyalle mai maiƙo a danna shi ciki. Idan ya fita yana juyawa ne, shi ya sa take samun abu daga nesa. Mutanen Daniel Morgan, wani kwamandan Amurkawa a yaƙin neman 'yancinsu, da ita suka addabi hafsoshin Ingila a fagen yaƙin Saratoga a 1777.

Akwai wadda labarinta ya tsaya mini a rai. Wani maƙeri, Christian Oerter, ya ƙera ta a 1775, ya rasu a 1777 yana matashi, don haka aikinsa kaɗan ne ya rage. A 1971 ɓarawo ya ɗauke ta daga inda aka baje ta a Valley Forge, wani wurin tarihi kusa da nan. Shiru kake ji kusan shekara hamsin, sai wani dillalin kayan tarihi ya tsince ta cikin tarkacen da ya saya, ya gane ta, aka mayar wa masu ita a 2019. An kawo ta gidan tarihin juyin juya halin Amurka a nan garin.

Maganar kuɗi kuwa, abin da ake fara dubawa sunan maƙeri ne a saman bututu. Idan aka ga irin su Jacob Dickert ko J.P. Beck, ciniki ya canza. Sai aikin ƙota: itacen da suke amfani da shi yana da zane kamar igiyar ruwa, a sassaƙa masa furanni, a gefe kuma ga ɗan akwatin tagulla mai murfi na ajiye ƙyallaye, kowane gari da salonsa. Masani daga kallon murfin nan kaɗai zai faɗa maka gundumar da ta fito. Mara suna 'yan dubban daloli ce, ta gwani kuwa mai cikakken tarihi ta kan haura dala 100,000.

Amma ga inda ake cin kasuwar baƙo. Daga wajen 1830 aka sauya wa yawancinsu kunama zuwa sabon salo mara ƙanƙara. Daga baya dillalai suka riƙa mayar da su na ƙanƙara da sababbin ƙarafa, a sayar wa wanda bai sani ba a matsayin ta asali. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, don ha'inci ne, kuma ya shafe wani yanki na rayuwar bindigar. Haka mai goge tagulla har ta yi walƙiya, ko ya kankare ƙota ya shafa sabon fenti: da hannunsa ya zubar da darajarta. Duhun da shekaru suka bar mata shi ake saye.

Shi ya sa nake roƙonka, bindigar adakar Kaka da ke rataye a zaure kada ka bari yara su kai ta wurin maƙeri a yi mata kwaskwarima. Ka sa mata ɗan mai, ka nisanta ta da danshi, ka zauna da Baba ya faɗa maka wanda ya ƙera ta da inda aka je da ita, ka rubuta. Ka turo mini hotonta, musamman wajen kunamar.

A gaida mutanen gida da abokanmu na majalisa.

Naka har kullum,
amininka