Einstein bai ce kowa da gaskiyarsa ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi gyara a kan wata magana da ta fito cikin wata maƙala da kuka buga kwanan baya. Marubucin ya ce wai tun da Albert Einstein ya zo da ka'idarsa, kimiyya da kanta ta sallama cewa babu gaskiya guda ɗaya, kowa da tasa, ya danganta da inda mutum yake tsaye. Ba yau na fara jin wannan ba. Na ji ta a bakin 'yan jami'a, na ji ta a teburin mai shayi, har a rediyo an sha faɗa. Fiziks na koyar a sakandare har na yi ritaya, kuma duk sa'ad da na ji wannan magana sai raina ya ɓaci, domin an ɗora wa mutumin kishiyar abin da ya faɗa. Ka'idar dangantaka ta musamman da ya fitar a 1905 an gina ta ne a kan abin da ba ya canzawa ga kowa, wato gudun haske.

A sarari, inda babu iska babu komai, haske yana cin mita 299,792,458 a daƙiƙa ɗaya, kusan kilomita 300,000 ke nan. A daƙiƙa ɗayan nan zai iya zagaye duniya sau bakwai da rabi. Hasken ranar da ke dukan ƙeyarka yanzu ya baro ta minti 8 da daƙiƙa 20 da suka wuce. Cewa haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso ba sabon zance ba ne. Ibn al-Haisam, ɗan Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rubuta haka kusan shekara 1000 baya, kuma a 1676 Ole Rømer ɗan Denmak ya nuna shi ta hanyar lura da ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari.

Abin da ya ɗaure wa masana kai daban ne. Ka ɗauka kana cikin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, yana tafiyar kilomita 100 a awa. Ka tashi daga kujerarka ka nufi gaban tarago, kana takun kilomita 5 a awa. Fasinjan da ke zaune zai ce tafiyarka 5 ce. Manomin da ke tsaye a gonarsa gefen layin dogo zai ce 105. Duk sun faɗi daidai, kuma Galileo ya bayyana irin wannan tun 1632. To, sai direba ya kunna fitilar gaba. Hankali zai ce manomin ya kamata ya auna gudun haske haɗe da kilomita 100 na jirgin. Amma ba haka take ba. Abin da direba ya auna, shi manomi zai auna, babu ƙari babu ragi. Ko da jirgin zai yi rabin gudun haske, lissafin bai canza ba. Wanda ya bi hasken a guje, da wanda ya tunkaro shi, da wanda ke zaune, lamba ɗaya za su samu.

Wannan ba shaci-faɗi ba ne, awo aka yi. A ƙarni na 19 masana sun ɗauka akwai wani abu marar ganuwa da ya cika sararin samaniya, wanda haske ke tafiya a cikinsa. Tunda duniya tana zagaye rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, sai suka ce dole hasken da ya bi hanyar da duniya ta dosa ya bambanta da wanda ya gitta. A 1887, a birnin Cleveland na Amurka, Albert Michelson da Edward Morley suka jera madubai a kan wani faffaɗan dutse, suka sa dutsen yana iyo a kan zaiba don su riƙa juya shi ba tare da girgiza ba. Suka raba haske gida biyu, kowane ya bi tasa hanya, ya dawo suka haɗu. Na'urar tana da kaifin da za ta kama bambancin da ake tsammani. Suka juya, suka sake juyawa, da rana da yamma, bambancin bai fito ba. A 1964 kuma, a cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke Janeba, aka auna hasken da wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani suka fitar alhali su kansu suna gudun da ya haura kashi 99.9 cikin 100 na gudun haske. Hasken bai ƙara sauri ba.

Einstein yana da shekara 26 a 1905, ma'aikaci ne a ofishin rajistar sababbin ƙirƙire-ƙirƙire a Bern ta Suwizalan. Lissafin James Clerk Maxwell na lantarki da maganaɗisu ya riga ya fitar da gudun haske lamba guda, kuma Hendrik Lorentz da Henri Poincaré sun yi nisa a aikin, hakkinsu ne a ambace su. Abin da Einstein ya yi shi ne ya daina neman hanyar kauce wa sakamakon. Ya kafa ginshiƙai biyu: dokokin halitta iri ɗaya ne ga duk mai tafiya miƙe da gudun da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma gudun haske a sarari ɗaya ne ga dukansu. Daga nan ya bi lissafi duk inda ya kai shi.

Inda ya kai shi ke nan, kuma nan ne nake roƙon mai karatu ya ɗan natsu. Mu koma cikin tarago. A sa madubi a ƙasa, a sa wani a rufi, haske yana kai da komo tsakaninsu. Duk zuwa da dawowa mu ƙirga shi bugun agogo ɗaya. Fasinja yana ganin hasken yana hawa miƙe yana sauka miƙe. Manomi fa? Kafin hasken ya kai rufi, jirgi ya matsa gaba, saboda haka a idonsa hasken ya hau a karkace, ya sauko a karkace. Hanyar da ta karkace ta fi miƙaƙƙiya tsawo, wannan ko ɗan aji uku ya sani. Da a ce haske yana aron saurin jirgi, da babu matsala. Amma ba ya ara. Hanya ta ƙara tsawo, gudu yana nan yadda yake, to babu makawa lokacin ne ya ƙaru. A awon manomi, agogon jirgi yana bugawa a hankali. Kuma ba wannan agogon kaɗai ba: na hannun fasinja, bugun zuciyarsa, tsufansa, duk tare suke tafiya, shi ya sa shi fasinjan ba zai ga wani abu ya canza ba.

Me ya sa ba mu lura? Domin gudunmu bai taka kara ya karya ba. Mutum ya shekara 70 cikin wannan jirgi ba tsayawa, bambancin agogonsa da na manomi kusan kashi 1 cikin 100,000 ne na daƙiƙa. Sai an kai kusan kashi 87 cikin 100 na gudun haske kafin agogo ya koma rabin saurinsa.

Akwai halittar Allah da ke irin wannan gudu a kanmu dare da rana. Ana kiran ƙwayar miyon. Tana samuwa ne kimanin kilomita 15 a sama, sa'ad da ƙwayoyi masu ƙarfi daga sararin samaniya suka daki iska. Matsakaicin rayuwarta kashi 2.2 cikin miliyan ne na daƙiƙa, wanda ko da gudun haske ba zai kai ta fiye da mita 660 ba. Amma ga su nan suna isowa ƙasa da yawa, suna ratsa rufin ɗakunanmu. David Frisch da James Smith sun ƙirga su a ƙolin dutsen Washington a Amurka, suka buga sakamakon a 1963: kusan 560 a awa a sama, kusan 400 a ƙasa kusa da teku. Ba don jinkirin lokaci ba, waɗanda za su iso ƙasa ba za su kai 30 ba.

A nan ne maganar marubucinku ta rushe. Mu da ke ƙasa muna cewa agogon miyon ya yi jinkiri, shi ya sa ta iso. Wanda zai yi tafiya tare da ita zai ce agogonta lafiya lau, tazarar ce ta gajarce. Mun saɓa a tsawon lokaci, mun saɓa a tsawon hanya, amma ka tambaye mu miyon nawa suka iso na'urar, amsa ɗaya za mu ba ka. Kuma in ka ba ni awona da gudun wancan matafiyin, zan lissafa maka nasa awon daidai da lissafin Lorentz kafin ya buɗe baki. Ra'ayi ba ya lissafuwa haka. Haka nan babu wani mai awo, komai gudunsa, da zai ga sakamako ya riga sanadinsa.

Wayar da ke aljihunka ma shaida ce. Taurarin ɗan'adam na GPS suna kimanin kilomita 20,200 a sama, suna gudun kusan kilomita 14,000 a awa. Saboda wannan gudu agogonsu yana baya da kashi 7 cikin miliyan na daƙiƙa a kullum. Saboda jan duniya ya fi rauni a can, wanda ka'idar Einstein ta 1915 ta bayyana, yana gaba da kashi 45. In ka cire, saura 38, kuma a wannan ɗan lokaci haske yana cin fiye da kilomita 11. Dole injiniyoyi suke saita agogon tun kafin a harba tauraron. Tun 1983 ma, ita kanta mita da gudun haske ake ayyana ta: tazarar da haske ke ci a kashi 1 cikin 299,792,458 na daƙiƙa. Tef ɗin tela da na magini, in ka bi salsalarsu, can suke komawa.

Ba ina cewa an rufe ƙofar bincike ba. A 2011 wasu masana a Italiya suka sanar cewa awonsu ya nuna wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, waɗanda aka turo daga CERN, sun ɗan riga haske. Ba su ce tasu gaskiyar ke nan ba, suka baje bayanansu suka ce a zo a duba. A 2012 aka gano wata wayar na'ura ce ba ta ɗauru da kyau ba, da aka gyara sai awon ya dawo daidai da ka'ida.

Abin da ya sa na damu, Malam Edita, shi ne yaranmu. Yaro ya karanta a jaridar da iyayensa ke girmamawa cewa babban masanin kimiyya ya ce babu tabbas a komai, me zai sa ya wahalar da kansa a ɗakin gwaji yana maimaita awo? Roƙona biyu ne. Idan maƙala ta jingina wa kimiyya wata magana, a nuna wa malamin fannin kafin a buga. Akwai su a sashen fiziks na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jami'ar Bayero, kuma ba na jin za su ƙi. Sannan a ware shafi ko da rabi ne, ko da sau ɗaya a wata, don bayanin kimiyya da Hausa, da zane da lissafi mai sauƙi. In kun buɗe, a shirye nake in aiko da zanen agogon madubin nan da lissafinsa, wanda bai wuce ƙa'idar Faisagoras da ake koyarwa a ƙaramar sakandare ba.

Na gode.

Naka,
Tsohon malamin fiziks,
Zariya.