A rubuta tarihin gidajen cikin garin Bauchi kafin a gama sayar da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan tsofaffin gidajen cikin ganuwar Bauchi, musamman na layinmu a Unguwar Jahun, inda aka binne cibiyata, kuma inda nake zaune har yau bayan na ajiye aikin koyarwa.

Kowane ɗan makaranta a garin nan zai gaya maka Malam Yakubu ne ya kafa Bauchi a 1809 bayan zamansa a Inkil, ya kewaye ta da ganuwa mai ƙofa tara, Turawa kuma suka shigo a 1902. Wannan a rubuce yake. Amma tambayi yaron wa ya kafa gidan da yake kwana a ciki, daga ina ya zo, da wace sana'a, sai ya yi maka zuru. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa.

A layinmu ba mu san lambar gida ba, suna muka sani. Na bakin titi shi ne gidan maƙera. Da damina ta gabato, mutanen ƙauye ke cika rumfarsu da fartanya da garma, ƙarar guduma da hucin zuga-zugi tun hantsi har la'asar sakaliya. Yau shaguna ne jere a wurin, na cajin waya da kemis da mai sayar da katifa. Gaba kaɗan gidan Barebari, kakansu fataucin kanwa ya kawo shi daga Borno, ya sauka baƙo, ya yi aure, zama ya kama shi. A ciki akwai ɗakin da har yanzu ake kira ɗakin Tela, saboda wani Bayarabe mutumin Ogbomosho da ya yi haya a ciki wajen lokacin da jirgin ƙasa ya iso Bauchi, farkon shekarun 1960. Shi ya ɗinka wa yawancinmu kayan makaranta, ya iya Hausa har da habaici. Sai gidan wanzamai, waɗanda babu namijin layin nan mai furfura da bai bi ta hannunsu ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne zauren gidan malamai. Ginin tubali ne, kaurin bangonsa ya kai kamu biyu, rufin daurin guga, azara a jere ta yi baƙi ƙirin da hayaƙin karan da almajirai suka yi karatun dare da shi. Ko a tsakiyar bazara ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. A bango akwai alkuki inda ake ɗora fitilar aci-balbal, da turakun rataye alluna da hannu ya goge su har suna sheƙi. Kafin ruwan farko akan yi gayya, samari su kwaɓa ƙasa, 'yan mata su jido ruwa, a yi yaɓe, a shafe soro da makuba, a gyara indararo. Ba a biyan kowa, fura ce da goro.

Mutane na cewa ruwan sama ne ke cin gidajen nan. Ni dai na ce rabon gado ya fi ruwa ci. Ba ina sukar shari'a ba ne, Allah Ya tsare, rabon Allah ne. Amma in aka bar gida har jikoki ba a raba ba, magada suka yi yawa, a fitar da tumunin mata, namiji ya ɗauki rabon mace biyu, zaure ɗaya ba ya yankuwa. Sai a kira dillali a yi masa kuɗi. Kowa ya karɓi nasa ya nufi Yelwa ko Fadaman Mada ko Tirwun ya sayi fili. Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 filin bakin titi yake tsada, mai saye kuwa ba ginin yake so ba, ƙasar yake so. In kuma faɗaɗa titi ne ya zo, diyyar bango da kwano ake biya, labarin masu gidan ba ya cikin lissafi.

Hukuma ta san darajar tsohon gini in ta so. Gidan Madaki da ke Kafin Madaki, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a 1860, yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa ma baƙi na zuwa gani. Madalla. Sai dai garin ba sarakuna da manya kaɗai suka zauna shi ba.

Ban ce a hana kowa sayar da gadonsa ba, ko a tilasta wa mutum kwana ƙarƙashin azarar da gara ta cinye. Roƙona ga masarauta da masu unguwanni shi ne a buɗe littafi a kowace unguwa: sunan gida, wanda ya kafa shi, asalinsa, sana'arsa, da inda zuriyarsa suka koma. Kafin a sa diga, a ɗauki hoton zaure da waya, ciki da waje. Ɗaliban tarihi na manyan makarantunmu su ɗauki layi ɗaya ɗaya ya zama aikin kammala karatunsu. Kuma don Allah su fara da tsofaffin mata. Mu maza jerin kakanni muka riƙe, su kuwa sun san wa ta auri wa, shekarar da aka haƙa rijiya, da rigimar da ta sa aka toshe ƙofar da ke tsakanin gidaje biyu.

Gidan malaman da na ambata magada sun riga sun kira dillali, bayan babbar Sallah za a yi ciniki. Gwaggonmu da aka kawo gidan tana amarya tana nan da ranta, idonta ya yi rauni amma kanta garau. Duk ɗalibin da ya shirya ya biyo ta hannun mai unguwa, ni zan yi masa iso.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Tsohon malamin firamare,
Unguwar Jahun, Bauchi