Ƙididdiga ba a haddarta, da biro da takarda ake koyonta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin ɗaliban da ke shirin jarrabawar ƙididdiga. Da yawansu haddar fomula suka sa a gaba, alhali wurin aikin ne maki ke zubewa.

Ɗalibi ya ɗauki lambobi biyar kacal: 7, 23, 4, 9, 7. Jimillarsu 50, a raba gida biyar, matsakaici 10 ke nan. Lambar tsakiya kuwa ba ta fitowa sai an jera su daga ƙarama zuwa babba: 4, 7, 7, 9, 23. Amsar 7 ce. Mai garaje da bai jera ba 4 zai rubuta. Sannan ya tambayi kansa, me ya sa matsakaicin ya ɗara huɗu daga cikin lambobin? 23 ce ta ja shi sama, shi ya sa a nan lambar tsakiya ta fi faɗin gaskiya.

Inda aka fi shan wuya shi ne ma'aunin warwatsuwa, wato abin da ke nuna yadda lambobi suka yi nisa da matsakaicinsu. A cire 10 daga kowace lamba: −6, −3, −3, −1, 13. A tsaya a haɗa su tukuna. Dole su ba da sifili, in ba haka ba an yi kuskure a baya. Sai a ninka kowace da kanta: 36, 9, 9, 1, 169, jimilla 224. A yi hattara da kalkuleta a nan, don in aka danna −6² ba a sa baka biyu ba, −36 za ta bayar. Idan lambobin su ne duka abin da ake nazari, a raba da 5, a sami 44.8, sikwaya rut ɗinsa 6.69. Idan samfuri ne aka tsakuro, da 4 ake rabawa, wato 5 a cire 1: a sami 56, sikwaya rut ɗinsa 7.48. Tambayar ce ke faɗin wanne, sai a karanta ta da kyau.

Ga kuma teburin maimaituwa. Maki 2 ya fito sau 3, maki 5 sau 7: 6 da 35, jimilla 41, da 10 ake rabawa (sau 3 da sau 7), a sami 4.1. Wanda ya raba da yawan layukan teburin, wato 2, zai ga 20.5, alhali matsakaici ba ya taɓa wuce lamba mafi girma.

Kada a taƙaita lambobin bayan ɗigo sai a amsar ƙarshe, kuma a goge tsofaffin bayanai daga kalkuleta kafin kowace sabuwar tambaya.

Wassalam,
Wani malamin lissafi