Ƙarin yankin ƙasan teku da Nijeriya ta samu: a fayyace wa jama'a abin da ya ƙunsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Tun da aka sanar a 2024 cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince wa Nijeriya ƙarin yanki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 16,300 a Tekun Gini, mutane da yawa suka ɗauka ƙasar ce ta ƙara girma, ko kuma masuntanmu sun samu ƙarin ruwa. Ba haka abin yake ba, kuma ya kamata jaridarku ta warware wa masu karatu zare da abawa.

Tushen maganar shi ne Yarjejeniyar Dokar Teku da aka rattaba wa hannu a Jamaika a 1982, ta fara aiki a 1994, Nijeriya kuma ta amince da ita tun 1986. Kowace ƙasa mai gaɓar teku tana da iko da albarkatun ruwa da na ƙasan ruwa har mil 200 na teku, wato kimanin kilomita 370, ba sai ta roƙi kowa ba. Abin da ya wuce nan shi ne ake wa fafutuka. Sashe na 76 ya ce idan jikin ƙasarka ya ci gaba da miƙewa a ƙarƙashin ruwa ya zarce mil 200, kana iya neman ƙari, amma da hujjar awo.

Aikin yana farawa ne da gano gindin gangare, wato wurin da gangaren nahiya ya fi karyewa kafin ya kwanta a shimfiɗar teku mai zurfi. Jirgin bincike ne ke ratsa wurin layi-layi da na'urar auna zurfi ta amsa-kuwwa. Daga wannan gindi ake ja ɗaya daga layuka biyu, ƙasa ta zaɓi wanda ya fi yi mata nisa a kowane wuri. Na farko mai sauƙi ne: mil 60 daga gindin. Na biyu ya dogara da kaurin laka da yashin da suka taru a ƙasan teku, inda ake son kaurin ya kai aƙalla kashi 1 cikin 100 na tazarar wurin daga gindin gangaren. Idan wurin yana da nisan kilomita 100, sai an nuna laka mai kaurin kilomita 1. Bayan haka akwai shinge: ba a wuce mil 350 daga gaɓa, ko mil 100 daga layin da zurfin ruwa ya kai mita 2,500. Tazarar da ke tsakanin kowace alama da aka sa a kan layin iyakar da mai bi mata kuma ba ta wuce mil 60.

A nan gizo ke saƙa. Na'urar da ke harba ƙara zuwa ƙasan teku ba kauri take aunawa ba, lokacin da sautin ya ɗauka ya je ya dawo take rubutawa. Sai an san gudun sauti a cikin wannan lakar kafin a mayar da daƙiƙoƙi su zama mita. Kuskure kaɗan a lissafin gudun yana iya matsar da alama kilomita da dama, masu tantancewa kuwa nan suke fara sa ido. Gindin gangaren shi ma rigima ne a gaban kogi irin Neja, domin lakar da ya shekara miliyoyi yana zubarwa ta lulluɓe gangaren, ya zama yana sauka a hankali ba tare da karyewa ɗaya bayyananna ba.

Hukumar da ke duba takardun neman ƙarin tana zama a Niyok, mutum 21 ne masana duwatsu da awon teku, bakwai daga cikinsu ke zama a kan takardar kowace ƙasa. Nijeriya ta miƙa tata ranar 7 ga Mayu 2009, kwana shida kafin wa'adin miƙa takardu na 13 ga Mayu ya cika, amma sai a 2023 aka kammala. Layi ne mai tsawo, kuma ba mu kaɗai muka jira ba. Rasha da ta fara kai takarda a 2001 an mayar da ita ta ƙaro hujja a kan Tekun Atik. Inda kuma akwai jayayyar iyaka, hukumar ba ta taɓa batun sai maƙwabta sun yarda. Ita ba ta raba iyaka. Shi ya sa Gana da Kwaddibuwa sai kotun teku ta Hambug ce ta shata musu layi a 2017, har zuwa bayan mil 200.

To me aka samu? Mai, gas da ma'adinan da ke ƙasan teku, da halittun da ke manne a ƙasa ba sa iyo. Ruwan da ke sama na kowa ne. Jirgin kamun kifi na wata ƙasa zai iya jefa komarsa a can, sojan ruwanmu ba shi da hurumin hana shi don kawai ƙasan wurin namu ne.

Akwai kuma haraji da ba a cika faɗa ba. Sashe na 82 ya ce bayan shekara biyar da fara hako a irin wannan yanki, a shekara ta shida za a biya kashi 1 cikin 100 na abin da aka hako, a riƙa ƙara kashi 1 kowace shekara har ya tsaya a kashi 7 daga shekara ta 12. Ana biya ta hannun Hukumar Ƙasan Teku ta Duniya da ke Kingiston, a raba da la'akari da ƙasashe matalauta da marasa gaɓar teku, irin su Nijar da Cadi. An ɗauke wa ƙasa mai tasowa biyan ne kawai idan ta fi sayo ma'adinin daga waje, mu kuwa masu fitar da ɗanyen mai ne. Duk kwangilar da za a sa wa hannu dole ta fayyace wa zai ɗauki wannan nauyi, gwamnati ko kamfani.

Shawarar hukumar kuma ba ita ce ƙarshe ba. Sai ƙasa ta shata layin da dokarta bisa shawarar, ta ajiye taswira da lambobin alamomin wurin Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ina roƙon wakilanku su tambayi Majalisar Tarayya da Hukumar Iyakoki ta Ƙasa inda aka kwana a kan wannan mataki, da kuma ko jami'o'inmu za su samu damar yin aiki da bayanan awon da aka kashe dukiyar jama'a aka tara.

Naku,
Mai karatu daga Zariya