Aikin ofishin jakadancinmu a Saudiyya: inda ikonsa ya tsaya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka in yi magana a kan ma'aikatan jakadancin Nijeriya a nan Saudiyya. Duk lokacin da aka kama ɗan ƙasa, ko gawa ta daɗe a asibiti, abin da za ka ji a bakin mutanenmu na unguwannin Shari'a Mansur da Hindawiyya shi ne safara, wato ofishin jakadanci, ba ta yi komai ba. Wani lokacin zargin yana da tushe. Amma sau da yawa mai ƙorafin bai san iyakar ikon jami'in ba, kuma bai kawo masa abin da zai yi aiki da shi ba.

Ofisoshin biyu ne. Babban yana Riyad, inda jakada yake, shi ke hulɗa da ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya, ya shirya ziyarar shugabanni, ya bi zancen ciniki, ya aika rahoto Abuja. Ƙaramin yana Jidda, kuma a kansa nauyin mutanen Makka da Madina yake. Masauki da abinci da jigilar alhazai kuwa aikin hukumar NAHCON ne, wadda aka kafa da dokar 2006, don haka wanda ya kai ƙorafin masauki ofishin Jidda ya ɓata hanya.

Bari in fara da kamu. Sashe na 36 na Yarjejeniyar Viyana ta 1963 ya ce idan aka tsare baƙo, ya kuma nemi a sanar da ofishin ƙasarsa, wajibi ne a sanar ba tare da jinkiri ba. Jami'in yana da damar ya ziyarce shi, ya yi magana da shi, ya taimaka a samo masa lauya. Iyakarsa ke nan. Ba ya buɗe kurkuku, ba ya soke hukuncin alƙali, kuma ziyarar ma sai ya rubuta takarda ta bi ta reshen ma'aikatar harkokin waje kafin a ba shi rana. Abin da ke cinye makonni shi ne suna. Dangi su zo su ce an kama Ɗanlami mai shayi, alhali a fasfo wani suna ne daban, a kwamfutar hukuma kuma an rubuta shi da harufan Larabci. Abin da jami'i ke buƙata shi ne cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfon, lambar iƙama (katin izinin zama) ko lambar shigowa da jawazat (jami'an shige da fice) suka ba shi a filin jirgi, ranar kamun, da ofishin 'yan sandan da aka fara kai shi. In akwai waɗannan, nema ba ya wahala.

Saurin kai rahoto yana da muhimmanci ƙwarai a shari'ar ƙwayoyi, domin hukuncin safararsu a nan yana kaiwa ga kisa. Masu karatu za su tuna ɗalibar nan da aka kama a Madina a Disamban 2018 saboda jakar da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Kano. Abin da ya fitar da ita a Afrilun 2019 shi ne binciken NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a gida, wanda jami'an jakadanci suka isar wa hukumomin Saudiyya ta hanyar hukuma. Da iyayenta sun yi shiru don kunya, da labarin ya sha bamban.

Sai tarhil, gidan tsare waɗanda za a mayar gida da ke Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda. A ganina nan ne aiki mafi nauyi, kuma shi ne wanda ba a gani. Mafi yawan waɗanda ake kai wa can ba su da fasfo a hannu: ya ɓata, ya ƙare, ko yana wurin kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa. Jirgi ba ya ɗaukar mutum sai da takarda, saboda haka jami'i zai je ya zauna da su ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar ɗan Nijeriya ne, sannan a rubuta masa takardar tafiya ta gaggawa, wadda amfaninta komawa gida kaɗai. Jin Hausa ba hujja ba ce, tunda ɗan Maraɗi da ɗan Kumasi da Bahaushen Sudan duk suna yi. Dole a tambayi gari, unguwa, ƙaramar hukuma, sunan mai unguwa. Ko an ba da takardar, mutum yana iya ci gaba da zama idan kafili ya shigar masa da hurub, wato ƙarar gudu daga aiki, tare da da'awar kuɗi, ko akwai shari'ar da ba a rufe ba, ko ya faɗi sunan ƙarya ranar da aka ɗauki zanen yatsunsa, takarda ta zo da suna ɗaya, kwamfuta na nuna wani. Wannan na ƙarshen mutanenmu ne ke jawo wa kansu, suna zaton dabara ce.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da aka haifa a gida a Makka, iyaye ba su da iƙama, ba shaidar haihuwa daga asibiti. Haihuwa a ƙasar Saudiyya ba ta mai da shi ɗan ƙasar. Sashe na 25 na tsarin mulkin Nijeriya ya ba shi ɗan ƙasanci idan uwa ko uba 'yan Nijeriya ne, ko da a waje aka haife shi, amma sai an tabbatar da hakan da takardun iyayen da shaidu. Iyayen da suka bari har yaro ya yi gemu, su kuma suka rasu, sun bar wa jami'i aikin da zai iya ɗaukar shekara.

A kan mutuwa, asibiti ne ke ba da takardar rasuwa, 'yan sanda su sa hannu idan hatsari ne ko akwai shakka, ofishin jakadanci ya rubuta cewa ba ya da ja a binne, tare da yardar dangi. Gawar da ta kwana biyu a firiji yawanci saboda babu wanda ya zo da shaida ne. Idan akwai diyya, wadda ta kisan kuskure riyal 300,000 ce ga namiji, ko haƙƙin ƙarshen aiki, kotu ba ta miƙa kuɗi sai ga wakilin magada. Sai an samo takardar magada daga kotu a gida, a rubuta wakala, a fassara su zuwa Larabci, ma'aikatar harkokin waje a Abuja ta buga hatimi, ofishin jakadancin Saudiyya ya buga nasa. Hatimi ɗaya ya ɓace, ko sunan mamaci ya saɓa da na fasfo, sai a dawo da takardun.

Roƙona ga gwamnati shi ne ta ƙara jami'ai masu Larabci da Hausa a Jidda, ta ware kuɗin lauya da tafinta ga waɗanda ke fuskantar manyan tuhumce-tuhumce, ta kuma sa layin waya da za a riƙa ɗagawa har ranar Juma'a da Asabar, tunda kamu ba ya jiran ranar aiki. Ga 'yan'uwa masu shirin zuwa Umara ko aiki kuma, su ɗauki hoton fasfo da biza da takardar kwangila, su bar wa wani amintacce a gida kafin su hau jirgi.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai karatu daga Jidda